Rasor ɗin Kamiyo da Cinyar Mahaifina

Ina kwance a ƙarƙashin mota a bayan kasuwar Dakoro, ina ɗaure wani ƙarfe da ya saki, sai wani mai raƙumi ya durƙusa ya leƙo ni ya ce mahaifina ya karye. Daga arewacin Azagor ya fito, inda tsoho yake da shanunsa. Ya ce takarkarin da ke jan wasaki, babban gugan fata, ne ya firgita, igiya ta naɗe ƙafar tsoho ta maka shi da bakin rijiya, cinyar dama ta karye. An samu mai ɗori ya ɗora, yau kwana goma sha biyu, kuma tsoho ne ya hana a aiko da wuri. Abin da ya sa aka aiko yanzu shi ne ciyawa ta ƙare, rijiyar ta ja baya, mutanen mashekarin, wato zangon makiyayan, za su tashi, an rasa yadda za a yi da mai karaya.

Mahaifina bai iya wata sana'a ba sai bin shanu, kuma ba a bin shanu a zaune. In ƙafar nan ta kama daidai, zai koma bayan garkensa. In ba ta kama ba, to zamansa na duniya ya zama na jiran a miƙo masa fura. Na san haka tun ban fito daga ƙarƙashin motar ba, kuma na ce a raina ai da sauƙi, tunda ina da mota.

Sai na ba ku labarin motar, don ita ce tushen abin.

Lokacin shekara biyu ko uku ke nan da samun mulkin kai. Motar ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin hatsi. Ya saye ta a gwanjo sa'ad da Nasara ke tattara komatsansu. Ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Ni ne shofer ɗinta, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga zafin kai, ga baki. A duk garin nan masu tuƙi ba mu cika hannu ɗaya ba, saboda haka in na sauko daga mota har wani taku nake yi. Allah ya yafe mana.

Aibin motar ɗaya ne. In aka loda mata gero sai ta zauna, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Hanyar arewa kuwa sawun kamiyo ce, wato manyan motocin kaya, rami biyu da tudun rairayi a tsakiya. Sai cikinta ya hau tudun nan, ƙafafu su yi ta juyawa a banza, ni kuma in sauko in yi ta tono da hannu, Buzaye na wucewa bisa raƙuma suna yi mini sannu da aiki. Wannan sannun ta fi rana ƙona ni. Na ce wa kawu sai an ɗaga motar nan, ya ce in je in ga Sarzan.

Sarzan shi ne makanikin garinmu, yana da rumfa a gefen kasuwa. Ya yi sojan Faransa shekaru da yawa yana gyaran motocinsu, shi ya sa muke ce masa haka, wato saje da Faransanci. Dattijo ne mai sanyin magana, irin mutanen da sai ka gama tafasa su tambaye ka ko ka karya kumallo. Ya ce ɗaga mota ba wuya, a rasor ake yi. Rasor shi ne jerin ƙarafan nan masu faɗi, lanƙwasassu, da ake ɗora wa juna tsakanin ƙafa da gangar mota, kowane ɗaya ana ce masa lam. Muka tafi Maradi tare, wajen masu tsofaffin ƙarafa.

Yadda suke gwada rasor a can shi ne a kifa shi a ƙasa, bayansa ya yi tozo, mutane su hau. Aka kifa na farko, na wata motar daji mai tsawo, mutum biyu suka hau ya lanƙwasa, suka sauka ya dawo. Sarzan ya ce wannan ne namu. Aka kifa na biyu, na wata kamiyo da ta mutu, ƙatti huɗu suka hau har suna tsalle, ko gezau bai yi ba. Ni kuwa ɗan makiyayi ne, na taso ina ganin yadda ake zaɓen raƙumin kaya: wanda aka ɗora wa nauyi bai yi gurnani ba, shi ake saya. Na ce na biyun nake so.

Sarzan ya ce, "Yaro, wanga na kamiyo ne. Sai da nauyi bisa kai shike da ladabi. In ka gudu da ita wofi, baya zai riƙa harbi."

Na ce, "Sarzan, yaushe ka taɓa ganin motar kawu wofi? Ta tahi da gero, ta komo da kanwa da fatu da mutane. Ko kaza ba ta samun wurin tsayawa."

Gaskiya na faɗa, shi ya sa ya bar ni na sayi na biyun. Muka kai wa maƙeri ya datse ƙarafan daidai tsawon namu. Inda da lam bakwai ne a kowane gefe na baya, muka mayar da su sha ɗaya. Mota ta tashi sama da taƙi guda.

Saura amotisar, ƙarfen nan mai kama da gora, mai ruwan mai a ciki, wanda ke riƙe mota kada ta yi ta tsalle bayan ta faɗa rami. Tunda mota ta ƙara tsawo, namu sun gajarta. Sarzan ya ce a nemo dogaye, a Maradi babu, sai an aika ƙetaren iyaka, wata ɗaya ko biyu. Ni wa zai jira wata biyu? Na sa aka ja gajerun aka ɗaura da ƙarfin tsiya. Tafiyar farko, kafin Bader Goula, na bayan nan biyu suka tsinke a wuya. Na kwance su na jefa a rumfar Sarzan, na ce ga kayansa nan. Na yi wata takwas ina yawo babu su, da lodi har sama, kuma ban ji wani bambanci ba. Motar ba ta sake zama a kan rairayi ba ko sau ɗaya. Duk sa'ad da Sarzan ya tuna mini da maganar amotisar sai in ce masa Nasara sun tafi da tsoronsu, shi ma ya aika musu da nasa.

To, da wannan motar na tashi washegarin zuwan mai raƙumi. Kawu ya ce tunda arewa za ni, in tafi da gero buhu goma sha biyu in sauke wa wakilinsa a Azagor, in ɗauko kanwa. Na isa Azagor na tarar wakilin ya yi tafiya, saboda haka na wuce da geron har mashekari.

Na samu tsoho kwance a inuwar bukka, an jera wa cinyar karare an naɗe da tsumma da igiyar fata, tsaf. Ya rame amma idonsa garau. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. Ni ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in dai akwai yadda zai kauce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras. Ni ma ban taɓa tsayawa na ƙare wa fuskarsa kallo ba.

Mai ɗorin wani tsohon Bafillace ne. Ya ce ƙashi ya fara kamawa, shi da son samu ne kada a motsa shi sai ya cika kwana arba'in. Tunda tashi ya zama dole, a ɗaure shi a gadon kara, maza huɗu su ɗauka, a riƙa tafiya da sanyin safiya da na maraice, kwana huɗu an isa Dakoro. Raina ya ɓaci. Na ce ubana da ransa za a ɗauke shi a kafaɗa kamar gawa, a wannan zafin bazara, alhali ga mota da za ta kai shi kafin azahar? Tsohon ya dubi motar, ya ce shi bai san ta ba, ba zai yi mata shaida ba.

Ƙanena, wanda ke kiwon tare da tsoho, ya ce to a baje buhunan geron a shimfiɗa masa a kai. Nan ne na yi masa tsawa a gaban mutane. Na ce, "Ubanmu kaya ne da za a ɗora shi bisa buhu? In shiga Dakoro da shi bisa lodi, mutane su ce mi?" Na sa aka sauke buhunan nan sha biyu kaf, aka jingine su a gindin wata bishiyar aduwa. Na share bayan motar da hannuna. Na shimfiɗa tabarma biyu da bargo uku, na kafa sanduna na yi masa rumfa da zane. Mutum biyar suka roƙe ni in rage musu hanya, har da wata tsohuwa da jikarta, na hana, na ce marar lafiya yana son sarari. Ƙanena ba shi da halin barin shanu. Wallahi a lokacin ji nake babu ɗan da ya taɓa girmama ubansa kamar yadda na yi.

Da hantsi muka tashi, shi kaɗai a baya, ni kaɗai a gaba, tsakaninmu bangon ƙarfe mai 'yar taga da ƙura ta rufe.

A gaba ban ji komai ba. Nauyin inji yana gaba, rasor ɗin gaba ba mu taɓa shi sosai ba, amotisar ɗin gaba suna nan. Na dai ji motar ta yi sauƙi a hannu, har ina jin daɗi. Da muka gangara kwarin Tarka sai muka shiga laka da ta bushe, wadda shanu suka tattake da damina, sawun kofato ya daskare kamar dutse, rami kusa da rami har iyakar gani. Na saba da wurin. Da lodi, in ka ƙara gudu sai motar ta bi ta kai ta daina girgiza. Na ƙara gudu. Na riƙa jin wani abu yana bugun ƙarfe a baya, dum, dum, na ce tayar ajiya ce ta kwance, in mun tsaya na ɗaure ta.

Na tsaya bayan mun haye kwarin. Na zagaya na duba tayar, na same ta ɗaure gam, na ce to ko wani abu ne a ƙasa. Na tsaya a gefen motar, kaina a sunkuye, na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Daga ciki ya ce, "Ana tahiya."

Na miƙa gorar ruwa ta gefen zanen, aka karɓa. Ban ɗaga zanen ba, ban hau na duba ƙafar ba. Mutum bai yaye wa ubansa bargo.

Tsayawa ta biyu na hango bakin rawanin a cikin bakinsa, na ɗauka don ƙura ne. Na sake tambaya. Ya ce, "A ci gaba." Na ci gaba, har na ƙara sauri don in raba shi da rana.

Ana kiran azahar na tsaya a ƙofar gidanmu, na danna odo, ƙahon mota, sau biyu don unguwa ta san na kawo shi. Mahaifiyata ta fito, ta leƙa bayan motar, ta ɗaga bargon. Ba ta yi kuka ba. Ta saki bargon ta zauna a ƙasa daɓas, a nan cikin rana.

Na leƙa. Tsoho ba ya inda na kwantar da shi, yana can kusurwa a dunƙule, tabarmin sun naɗe a ƙarƙashinsa. Kararen ɗorin sun warwatse a ko'ina cikin motar. Ƙafar ta juya, yatsun suna duban inda bai kamata ba, ƙashi ya huda fata ya fito fari, bargo uku sun jiƙe da jini har ya bi ta ramin ƙarfe yana ɗiga a ƙasa. Tafin hannunsa duka biyu sun saluɓe wajen riƙon ƙarfen gefe. Rawanin kuwa ya tauna shi har ya huda. Abin da na yi ta ji yana bugun ƙarfe tun daga kwarin Tarka, ashe mahaifina ne.

Na tsaya riƙe da gefen motar ina duban tagar nan. Taga tana nan kusa da kansa. Da ya ƙwanƙwasa sau ɗaya da na tsaya. Amma yaya zai buga wa ɗan farinsa taga ya ce yana jin ciwo?

Aka kira anfirme, malamin jinya, daga likitar gari. Ya wanke, ya naɗe, ya yi allura, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce Maradi yanzu. Ana cikin haka Sarzan ya iso, wani ya gaya masa. Bai dube ni ba. Ya zagaya bayan motar, ya dafa da hannu biyu ya danna da duk nauyinsa, ba ta motsa ba. Sa'an nan ya ce, "Ina kayan?"

Na ce na sauke.

"Duka?"

Na ce duka. Na ce ban so a ce na ɗora shi bisa buhu ba.

Ya ɗago ya dube ni. Ina jira ya zage ni, ina ma roƙon Allah ya zage ni, bai yi ba. Ya juya ya ce wa mutane a buɗe rumbun kawu a kawo gero buhu goma sha biyu. Aka sauko da tsoho, aka jera buhunan, motar ta zauna a kan rasor ɗinta, aka baje saman da hannu aka shimfiɗa tabarma, aka mayar da shi a kai. Sarzan ya karɓi makulli daga hannuna ya ce in hau baya tare da mahaifiyata.

Hanyar Maradi a wancan zamani ba ta fi ta arewa kyau ba. Na zauna a kan buhu ina jiran bugu, na dafe ƙarfe. Muka faɗa ramin farko, motar ta lanƙwasa a hankali ta taso a hankali, kamar goyo a bayan uwa. Na biyu ma haka. Mahaifiyata tana riƙe da ƙwaryar ruwa a cinyarta, ko rabi bai zube ba. Kafin mu yi nisa numfashin tsoho ya daidaita, barci ya ɗauke shi. Motar nan ce, rasor ɗin nan ne, babu abin da aka canza sai buhunan da na sauke da hannuna. Da na bar ƙanena ya yi yadda ya ce, ko da na ɗauki mutanen nan biyar da suka roƙe ni, da yanzu tsoho yana ɗakin mahaifiyata yana shan fura da ɗorinsa a ɗaure.

A Maradi lokotoro, babban likita, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce ƙashin da ya fara kamawa ya sake karyewa, ya kuma farfashe, ƙasa da zaren bargo sun shiga ciwon. Kwana biyar suna wankewa. Ran na shida ƙafar ta yi baƙi, wari ya cika ɗakin, aka kira kawu aka gaya masa in ba a yanke ba ran zai tafi. Kawu ya shiga ya gaya wa tsoho. Ina bakin ƙofa na ji tsoho ya ce, "Rijiya ta riga ta ci rabonta, a yi abin da za a yi." Har ya bar duniya haka yake gaya wa duk wanda ya tambaya, rijiya ce. Bai taɓa ambaton mota ba. Shanun suka zauna a hannun ƙanena, shi kuwa bai sake ganin arewacin Azagor ba.

Washegarin ranar da aka gaya masa, da safe, aka yi aikin. Wajen hantsi wani ma'aikacin likita ya fito da abu naɗe a farin ƙyalle, ya ce wane ne babban ɗansa. Ƙafar Musulmi ba a yar da ita, binnewa ake yi, kuma babban ɗa ake ba wa. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Ban san ƙafar mutum tana da nauyi haka ba.

Sarzan ya ce in kawo a sa a mota, maƙabarta da nisa. Na ce a'a. Na rungume ta a ƙirji na bi titi da ƙafa, mutane suna kaucewa suna salati, sun ɗauka jariri ne. Mai gadin maƙabarta ya ara mini fartanya ya nuna mini wuri a gefe. Na haƙa rami mai zurfin hannu.

Da na zo sa ta, ƙyallen ya zame daga ƙasa, tafin ƙafar ya fito. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Fata mai kauri, duk faso, ga wata tsohuwar ƙaya ta karye a dunduniya, kanta baƙi ya ɗan leƙo. Na zauna a bakin ramin na ɗora ƙafar a cinyata, na yi ta tono da farce a hankali har ƙayar ta fita. Sa'an nan na gyara ƙyallen, na sa ta, na mayar da ƙasa.